Foldojin Kawu

A rumbunmu akwai wata folda mai suna "sabo". Kayan da ke cikinta sun girmi 'yata ta fari, wadda yanzu haka take sakandare. Kusa da ita akwai "sabo2", sai "sabon-sabo", sai "na-karshe", sai "na-karshe-gyararre", sai kuma wata da aka rubuta wa "wannan-ne" kawai. Wannan ne me? Oho! Wanda ya raɗa mata sunan shi kaɗai ya sani, wato Kawuna, ƙanen mahaifiyata.

Bari in gaya maka aikinmu a gurguje. Mu uku ne a wani ofis mai ɗaki biyu a saman shagon masu gyaran fanka: ni, da Kawu, da Dogo, wani magidanci da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Manhajoji muke harhaɗawa, na rubutu da na lissafi da na koyar da yara, mu ɗaure su ƙunshi guda, yadda makaranta ko ƙaramin asibiti za su sauke daga intanet su sa wa tsohuwar kwamfuta ta tashi garau. Duk sabon ƙunshin da muka saki muna kiransa fitowa. Wurin da muke ajiye kayan don mutane su sauke shi ne rumbu, wata baƙar na'ura ce a ƙuryar ɗaki na biyu da ba ta daina gurnani. Cikinta foldoji ne, folda cikin folda. Kawu ya kafa shi shi kaɗai tun ina ɗaliba, da na gama karatu ya jawo ni, Dogo ya same mu daga baya.

To, Kawu yana da tasa hanyar raɗa suna. Duk abin da ke ransa a lokacin da ya buɗe folda, shi ne sunanta har abada. Akwai "ranar-da-aka-dauke-wuta". Akwai "na-malamin-nan-mai-babur". Akwai "kar-a-taba", da ƙanwarta "kar-a-taba-na-biyu". Akwai kuma "gwaji-kar-a-sauke", wadda ita aka fi saukewa a duk rumbun, ka dai san halin ɗan Adam.

Ni ce mai ɗaukar waya, don haka ni ke shan ruwan tambaya. Wani malami zai bugo ya ce, "Hajiya, na sauke na cikin 'sabo', ga shi kwamfutar ta ƙi tashi." In ce masa, "Malam, sabon ba a 'sabo' yake ba, yana cikin 'wannan-ne'." Ya ce, "Cikin wanne?" In ce, "'Wannan-ne'." Wallahi akwai wanda ya kashe wayar a kunnena, ya ɗauka raina masa hankali nake yi.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi har na rage fara'ar gaisuwa. Duk a banza. Kawu sai ya kwantar da baya a kujera ya ce, "Uwata, ke kin taɓa ganin na ɓata a ciki?" Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci, kuma ya san in ya faɗi haka bakina mutuwa yake yi. Maganarsa kuma gaskiya ce. Kawu ba ya bin hoton folda yana dannawa kamar sauran jama'a. Hanyar yake rubutawa da yatsu, suna bayan suna, ta-ta-ta, kafin ka ƙifta ido ya isa inda za shi. Duk rumbun nan a kan yatsunsa yake.

Ana nan sai wata jami'a ta aiko mana mutum. Sun ga makarantu na rububin kayanmu, na'urarmu kuma tana nishi, suka ce za su riƙa ajiye kwafin rumbun a nasu manyan injunan, mutane su sauke daga can cikin sauri. Abin da muka daɗe muna roƙon Allah ke nan. Ranar Kawu ba ya nan, wai ya je duba wani aboki a asibiti. Mutumin ya zauna a kujerata, ya buɗe rumbun, ya fara karanta sunaye. Da farko ya dake. Da ya iso "kar-a-taba-na-biyu" sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya ciro hankici yana tarin ƙarya. Ni kuwa kunya kamar in nutse a ƙasa.

Da ya natsa ya ce, "Hajiya, injinmu ba mutum ba ne, ba zai iya bugo muku waya ya tambayi wace ce wace ba. Sai kun tsara shi. Kowace fitowa da lambarta, cikin kowace lamba a raba na sababbin injuna da na tsofaffi, na gwaji gefe guda, na tarihi gefe guda. In kun gama ku kira ni."

Yana sauka daga bene na daka tsalle, har masu gyaran fanka suka leƙo. Yau dai Allah ya kama mini Kawu! Na ɗauki alƙalami na zana tsarin a farin allon bango, na ja masa layi biyu a ƙasa.

Amma akwai wata magana da duk mun sani a ofishin nan, ba wanda ya taɓa furta ta. Idon Kawu yana tafiya. Da farko haruffan allonsa ne suka riƙa girma, har kalma guda ta cika allon, ya ce rubutun zamani ne ƙanana. Sai ya daina tuƙi, matarsa, wadda muke kira Anti, ta koma kawo shi da ɗaukarsa, ya ce cunkoson hanya ne ya ishe shi. Wata safiya ya shigo ya gaida rigar ruwan Dogo da ke rataye a bayan ƙofa, har da tambayar ta iyali. Dogo ya amsa daga ɗaya ɗakin, aka wuce wurin kamar ba a yi ba.

Washegarin zuwan mutumin jami'a, Anti ta sauke Kawu, ta bari ya kama ƙarfen bene ya hau, sannan ta yafito ni. Na shiga motar na zauna kusa da ita.

Ta ce, "Ba wani aboki da ya je dubawa jiya, wurin likitansa muka je. An ce idon ba zai dawo ba, sai dai a rage masa gudu." Ta murza sitiyari. "A gida in na matsar da kujera sai ya yi karo da ita. Wuri ɗaya ya rage masa a duniya da yake shiga ya fita ba mai riƙe masa hannu, cikin kwamfutar nan taku. In ya dawo yakan ce mini, yau na gyara kaza, yau na saki kaza. Ran da ya daina faɗin haka, ban san yadda zan yi da shi ba."

Na hau bene a hankali, na tarar da zanen jiya yana kallona daga bango, Kawu kuma yana zaune a ƙarƙashinsa yana ta bugun madannan kwamfuta, bai san da shi ba. Na sa tsumma na goge. Ga jami'a na jira, ga makarantu na jira, ga kuma mutumin da in na sauya suna ko guda ɗaya na raba shi da aikinsa.

Kwana na yi ina juya abin, sai dabara ta faɗo mini. A aikinmu akwai abin da muke kira mahaɗi. Suna ne kawai ba kaya a cikinsa, in ka shiga ta nan sai ya miƙa ka can inda kayan suke, ba ka ma san an miƙa ka ba. Na ja Dogo ɗakin na'ura na rufe ƙofa. Na ce za mu kwashe komai mu jera a sabon tsari don jama'a da jami'a, tsofaffin sunayen kuma mu bar wa Kawu su a matsayin mahaɗai, a ɓangaren da shi kaɗai yake shiga. Yatsunsa su ci gaba da bin hanyar da suka sani.

Dogo ya sosa ƙeya. "Yaudarar Kawu za mu yi ke nan?"

"Taimakonsa za mu yi."

"Ni fa ban iya ƙarya ba. Kunnuwana zafi suke yi."

"Ba wanda ya ce ka yi magana. Ka ja bakinka ka ɗinke kawai."

A ƙarshen mako, da Kawu ba ya zuwa, muka yi aikin. Sai da na fara adana kwafin tsohon rumbun a gefe, domin ko mahaukaci a sana'ar nan ba ya taɓa komai sai ya yi haka. Sannan muka shiga kwasa. Kai, abin ya yi kyau! Ka buɗe ka ga "fitowa", ka ga "gwaji", ka ga "tarihi", sai kuma "na-yanzu" da ke kai ka ga fitowar da ake yayi. Na zauna ina kallo kamar ɗakin da aka share aka sa wa turare.

Ran Litinin Kawu ya zauna, ya gyara hula, ya ɗora yatsu. Ni ina gefe ina satar kallo. Ya rubuta "sabon-sabo", ya shiga, ya fita, ya faɗa "wannan-ne", ya ɗauko abin da yake so. Ko gezau. Na dubi Dogo, Dogo ya dubi silin, kunnuwansa sun yi jawur.

Matsala ɗaya ce, Kawu bai daina haihuwar foldoji ba. Kafin azahar ya buɗe wata ya sa mata "gyaran-firinta-na-matar-nan". Dole sai na jira ya tashi wanke hannu, in yi wuf in kwashe kayan in kai inda ya dace, in bar masa mahaɗi a gurbin. Dogo ne mai gadi, in ya ji takun Kawu sai ya yi tari. Haka muka riƙa yi kullum. Tarin ya yi yawa har Kawu ya sa Anti ta sayo magani, ya tsaya a kan Dogo sai da ya shanye cokali biyu. Dogo ya yamutsa fuska ya kalle ni, ni kuwa na shige ɗakin na'ura na yi dariya har da riƙe ciki.

Na ɗauka mun sha. Har na fara shirin kiran mutumin jami'a.

Sai wata shugabar makaranta ta bugo. Ta ce ita lallai babban injiniya take so, ba ni ba. Na miƙa wa Kawu wayar, shi kuma yana da al'adar buɗe murya kowa ya ji, don ya huta da riƙewa.

"Injiniya, godiya na bugo in yi," in ji ta. "Allah ya saka da alheri! Shekara da shekaru muna wahala da rumbun nan naku, yau na shiga na ga an gyara shi tsaf. Ka danna 'na-yanzu', shi ke nan. Ko ɗan aji ɗaya ya shiga zai gane. Waɗancan sunaye na ban dariya duk an kawar da su."

Dogo ya fara tari, wannan karon na gaske.

Kawu ya ce, "Ba komai, Malama, aikinmu ne. A gaida ɗalibai." Ya lalubi maɓalli ya kashe wayar.

"Dogo," ya ce a hankali, "wace folda ce 'na-yanzu'?"

"Kawu, wallahi ni dai tari kawai aka ce in yi."

Ka ji mutumin da na dogara da shi! Kawu ya juya ga kwamfutarsa ya rubuta umarnin da ke nuna ainihin abin da suna yake, folda ce ko mahaɗi. Amsar ta fito. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya daɗe a haka, sannan ya ja da baya.

"Uwata, zo ki karanta mini. Me 'sabo' take?"

Na zo na tsaya a bayansa. "Mahaɗi ne, Kawu."

"'Wannan-ne' fa?"

"Mahaɗi."

"'Na-malamin-nan-mai-babur'?"

Na ce, "Shi ma."

Ya gyaɗa kai. Ya cire hannuwansa daga kan madannai ya ɗora a cinya. "Ashe motar kwali aka ba ni nake ta tuƙi, ina ƙara da baki." Ya miƙe ya ce wa Dogo ya kira masa Anti. Ranar ce karon farko da ya bari aka riƙe masa hannu a bene.

Bai zo washegari ba. Bai zo ranar da ta biyo ba. Kujerarsa na nan a ture yadda ya bar ta, ni kuma na kasa ko kallon rumbun nan mai kyau. Dogo ya daina yi mini magana sai ta aiki. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na rufe ofis da la'asar na nufi gidansa.

Anti ta buɗe mini, ta girgiza kai, ta nuna falo da haɓa ta koma kicin. Kawu na zaune da rediyo a kan ciki, a kashe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ciki-ciki. Da niyyar ban haƙuri na zo, Allah shaida, har na shirya kalmomin a mota. Na fara da kyau. Na ce jami'a ce ta nema, na ce makarantu na wahala, na ce ba mu so ransa ya ɓaci ba.

Ya ce, "Da kin tambaye ni."

"Shekara nawa ina tambayarka?"

"Wannan faɗa kike yi, ba tambaya ba."

"To da na tambaya me za ka ce? In an sauya sunayen ta ina za ka bi?"

"Ta inda kowa yake bi."

Nan fa halina ya motsa. Na miƙe tsaye, na manta a gaban wa nake. "Haba Kawu! Ta ina? Ba ka gani! Ba ka gani, Kawu! Rigar ruwa ka gaisar, har da tambayar ta iyali!"

A kicin na ji cokali ya faɗi ƙasa. Na kama bakina da hannu biyu, amma magana ta riga ta fita.

Sai cikin Kawu ya fara motsi, rediyon na hawa da sauka. Can sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin idon ya fara. "Rigar ruwa ce? Shi ya sa na ji muryar Dogo ta fito ta wani gefen! Na ce yau kuma wane irin iya shege ne wannan." Ya share hawaye da bayan hannu. "Zauna, Uwata. Ke kam uwata ce har a baki."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ina dariya ina kuka.

"Na san ba na gani," ya ce. "Ni na fara sani kafin kowa. Abin da ban sani ba shi ne kun ɗauka kan ma ya bi idon. Zayyano mini tsarin naki in ji."

Na zayyana masa, tun daga "fitowa" har "tarihi". Ya saurara ido rufe, yana kaɗa yatsa a kan rediyo.

"Ya yi kyau. Ya fi nawa, kar ki gaya wa Dogo na ce haka. Kin adana kwafin tsohon?"

"Na adana."

"To gobe ki mayar da komai yadda yake."

Na zabura. "Kawu! Ka san wahalar da muka sha kuwa? Mutane sun riga sun gani, har sun yi godiya!"

"Su ƙara haƙuri. Ki mayar, ni zan kwashe da hannuna, folda bayan folda. Ke ki zauna kusa da ni ki zama idona. Ki tambayi Antinki, duk abin da ni na ajiye a gidan nan ina samunsa ko ba fitila. Wanda aka ajiye mini ne yake ɓata, ko da a gabana yake."

Daga kicin Anti ta ɗaga murya, "Banda makullin banɗaki, wannan kam kullum ni ke nemo maka."

Haka na koma na rushe aikin da ya fi kowane aiki yi mini kyau a rayuwata. Na danna maɓallin, "sabo" da 'yan uwanta suka dawo suka zauna daram. Ba a jima ba shugabar makarantar nan ta bugo. "Hajiya, lafiya? Shekaranjiya abu tsaf-tsaf, yau kuma na ga 'wannan-ne' ta dawo." Na cije leɓe na ce mata ana gyara ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gyaran da ake yi da baya da baya ba. Na ce ni ma haka.

Muka jawo kujera biyu gaban kwamfuta ɗaya. Ni in karanta abin da ke cikin folda, mu yanke inda za ta koma, shi ya rubuta umarnin kwasa da yatsunsa. In ya kai kaya sabon wuri sai ya fita, ya sake shiga, ya sake fita, har sai yatsun sun riƙe hanyar. Aikin da ni da Dogo muka gama a ƙarshen mako ya ci mu kwana da kwanaki, domin kowace folda sai an ba ni tarihinta. "Na-malamin-nan-mai-babur" ashe wani malami ne da ya ɗaure kwamfutar makarantarsu a bayan babur ya kawo ta daga nesa cikin ruwan sama, Kawu ya haɗa masa ƙunshi na musamman. Da za a kai ta "tarihi" sai da ya ɗan tsaya, yatsansa a kan maɓalli, ya ce Allah ya sa mutumin yana raye, sannan ya danna.

Da muka iso "kar-a-taba", Dogo ya bar aikinsa ya zo ya tsaya, don shi ma bai taɓa jin dalilinta ba. A kwasarmu ta farko mun same ta fayau, ba ko fayil ɗaya, muka ji tsoron gogewa. Na ce, "Kawu, babu komai fa a cikinta." Ya ce, "Ƙanwar fa?" Na ce ita ma. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce shi kansa ya manta abin da ya sa ya buɗe su, amma tun da ya ga an rubuta kar a taɓa, bai taɓa ba.

Faɗa kuwa mun yi shi son ranmu. Ni na jera fitowa da lamba 1, 2, 3 har zuwa 11. Ya ce, "A'a. Inji ba ya ƙirga kamar ke, harafin farko yake duba. Zai sa 10 da 11 a gaban 2, baƙo ya zo ya ɗauka ta 9 ce ta ƙarshe. Sa sifiri a gaban ƙananan." Na duba, haka ne kuwa, abin ya wuce ni da Dogo duka. Ya ci wannan, ya yini yana tuna mini. Ni kuma na ci nawa: na sa shi ya yi alkawari a gaban Dogo cewa ba za a sake raɗa wa folda "sabo" ko "na-karshe" ba, domin ba abin da ke dawwama a sabo. Ya nemi a bar masa ko guda ɗaya ta tsaraba, na ƙeƙasa ƙasa. Da muka zo kan "na-yanzu" na gaya masa ita mahaɗi ce, duk fitowa za a juya ta ta kalli sabuwar lamba. Ya ce wannan ya yarda da ita, tun da ba a ɓoye wa kowa ba.

Aka gama. Dogo ya shirya yadda kwamfutocin makarantu masu tsohon adireshi za su riƙa faɗawa sabon wuri da kansu. Mutumin jami'a ya zo ya duba, bai ciro hankici ba, injinsu ya fara kwafa.

Sai ranar sakin fitowa ta goma sha biyu ta zo, ta farko a sabon tsari. Tun kafuwar rumbun Kawu ne ke ɗora fitowa da hannunsa, kuma duk ofishin mun san yau ce za ta nuna. Na gama haɗa ƙunshin na tura masa. Na ji ya fara bugawa, ta-ta-ta, da irin saurinsa na da. Na taso na zagayo bayansa don in karanta masa kamar yadda muka saba, sai na ga allon baƙi ƙirin.

"Kawu, tsaya, allonka ya mutu! Dogo, zo duba wayar wutar nan."

"Ƙyale shi," in ji Kawu, yatsunsa ba su tsaya ba. "Ni na kashe. Wutar banza yake sha."

Na tsaya a bayansa kamar an dasa ni. Dogo ya zo ya tsaya kusa da ni, ba wanda ya yi motsi. Kawu ya buɗe folda, ya shiga, ya ɗora na sababbin injuna, ya fita, ya ɗora na tsofaffi, ya juya "na-yanzu". Ya buga maɓallin ƙarshe da ɗan ƙarfi, ya kwantar da baya.

"Duba mini a naki, Uwata. Ya shiga?"

Na koma teburina. Na kasa karanta allon sai da na goge ido da gefen mayafi.

"Ya shiga, Kawu."

"A ina?"

"Cikin 'fitowa', cikin 12. Kowanne a wurinsa."

"Yauwa," ya ce, ya mayar da yatsu kan madannai. "Miƙo na gaba."